Allon Saukar Bafulatanin Cadakori

A shekarar da sojoji suka yi alkawarin miƙa mulki, ni ne ke yi wa Malaminmu zayyanar allunan sauka a Gazawa. Ƙa'idarsa guda ce: a fara rubuta Fatiha da farkon Baƙara, abin da ya rage na itace shi ake yi wa ado.

Ƙanina yana aiki a wani buro, wato ofis mai intanet. Wata Talata da na kai masa saƙo, ya zaunar da ni gaban na'urar kwamfuta ya ce, "Yaya, zo ka ga abokan sana'arka." Bidiyon yana tafiya yana tsayawa. Hannun wani mutum ne kawai, ga kiɗan molo a hankali. Ya ɗiga ɗigo a tsakiyar takarda, ya kewaya shi, layi ya haifi layi, sai ga tauraro mai kai goma sha biyu. Sau huɗu na sa aka maimaita mini. Na fita ina tasbihi, yatsana na zane a kan cinyata.

A hannuna kuwa akwai allon wani Bafulatani daga wajen Cadakori, mutum mai furfura, wanda ya yi shekara da shekaru yana karatu tsakanin kiwo da kiwo. Saukarsa Juma'a. Ya kawo bijimi, danginsa suna hanya.

Laraba na jiƙa ƙaro, na haɗa ja da kore da rawaya. Na ɗiga ɗigo a tsakiyar allo, yadda hannun nan ya yi. Wallahi ban tuna da komai ba sai da aka kira la'asar. Na ɗaga allon, na duba. Tauraro ya cinye fuskar duka. Wurin da ya rage ko Bisimilla ba zai ɗauka ba.

Na wanke gefe, jan ya riga ya shiga itace. Na je wurin masassaƙi, ya ce irin wannan babban allo daga hayin iyaka ake kawo shi, iyaka kuwa jandarma sun tsare ta saboda zaɓe. Motocin kamfe suna ta wucewa da lasifika, ni ko abin da suke cewa ba na ji.

Alhamis da hantsi Bafulatanin ya zo zauren Malam, ya durƙusa, ya juyo wurina.

"Malam ƙarami, allo am, allona, ya gama? Mutanena sun ce in ba su gani ba, ba su yarda na sauke ba."

Ya yi dariya. Na warware zanen da na naɗe allon, na miƙa wa Malam. Ya daɗe yana dubawa. Ya aza yatsu biyu a ɗan wurin da ya rage.

"Ina za mu sa maganar Allah?"

"Allah gafarta Malam, na yi kuskure."

"Wa ya koya maka wannan?"

"A na'ura na gani."

"Na'urar ta yi sauka?"

Dariyar Bafulatanin ta ɗauke, ya dubi allon, ya dubi ƙofa inda bijiminsa ke ɗaure.

Malam ya juya allon. Bayan duk kaushi ne da sawun gizago. Ya shafa shi da tafin hannu.

"Nemo fasasshiyar kwalba. Ka kankare nan har ya yi sulɓi kafin azahar. Rubutun kuma ni zan yi, ba kai ba."

Na kankare har yatsuna suka yi jini, ina goge su da riga kada su taɓa itacen. Malam ya fere alƙalaminsa, ya rubuta da hannunsa, baƙaƙe manya, babu ado ko ɗigo.

Juma'a bayan an sauko masallaci, Bafulatanin ya zauna a kan buzu ya ɗauki allon. Muryarsa ta yi rawa a ayar farko, sannan ta daidaita. Ina can bayan sahu, ban ɗaga kai ba har ya kai ƙarshe, aka shafa addu'a.