Baba Mai Bokiti da Ɗan Zarensa

Tun kafin maƙwabtansa su buɗe shago yake zama a kan kujerarsa, almakashin ƙarfe a dama, guduma a hagu, ɗan zare rataye a wuya. Shekara arba'in yana ƙera bokiti a layinmu, yanzu ido ya ce ya huta.

Ni dai karambani ke tsayar da ni wurinsa. Sai ya auna faɗin gindin bokiti da zare, ya jera wannan awon sau uku a kan fallen kwano, ya ɗan ƙara, sannan ya yanka. In ya naɗe, baki ya haɗu cif.

Ƙanwata ce ta ci moriyarsa. An ɗauke ta koyar da lissafi na gwaji. A darasin awon da'ira ta rubuta ashirin da biyu bisa bakwai a allo, wata ɗaliba ta ce, “Malama, wa ya ce haka ne?” Ta yi tsuru-tsuru. Ga mai duba malamai zai zo ranar Alhamis, in ta sake kamewa aiki ya tafi. Tausayinta ya kama ni, na ja ta wurin Baba.

“'Yata, da'ira ba ta yarda da uku cif,” in ji shi. “Yanka uku ki ga bokiti yana miki dariya. Raba faɗin kashi bakwai, ƙara kashi ɗaya a kan ukun.”

“Har ganga?”

“Ga zare, gwada.”

Ta gwada kofi, ganga, har tayar kekena, duk kanwar ja ce. Ranar Alhamis ɗalibai suka auna murafen tukwane da hannunsu, aka tabbatar mata da aiki.

Da ta koma godiya, Baba ya rage murya. “A babbar ganga, awon nan kullum sai ya zarce da silin gashi. Ina kuskurena?”

“Baba, ba ka da kuskure. Lissafin ne ba ya ƙarewa, ko a littafi kusa kawai ake kaiwa.”

Ya ajiye guduma. “Ashe shekara arba'in ina zargin idona a banza.”

Kai ne malamin da bai taɓa riƙe alli ba, Baba. Mun gode, Allah ya ba da lada. Ku kuma da ke riƙe da alli, in an tambaye ku dalili, ku daina cewa haka yake a littafi, ku tashi ku auna.