Kifin Kwarin Ɗa'if

Wata safiyar Laraba ce cikin watan Muharram, a ƙarshen shekarun 1950, alhazai sun watse, zafin Makka ya kai inda ko ƙadangare ba ya fitowa. Ina da shekara tara. Ina tsaye bakin lungunmu a unguwar Mansur, rungume da tukunyar Inna, ina kallon Baba yana ɗaga Garba yana sa shi gaban motar maƙwabcinmu Ammi Salihu, kusa da taga. Wannan kujerar tawa ce. Tun mako biyu Baba ya yi mini alkawarinta. Ni sai aka cusa ni baya tare da Inna, tsakanin buhunan gawayi da tabarmi da garwar ruwa.

Garba ɗan ƙanin Baba ne, shekararsa goma sha uku. Ya iso wannan Hajjin tare da wani ayari daga ƙasar Kabi, bayan shekara huɗu a hanya ta Chadi da Sudan. Kafin zuwansa ni kaɗai ce a gidan. Ni ke jera wa Baba tsinke idan zai gasa tsiren da yake sayarwa, ni ke kai masa shayi, ni ke fassara masa idan Balarabe ya yi magana da sauri. Da Garba ya zo, sai na ga bakin Baba ya buɗe da wata irin Hausa da ban taɓa ji ba, mai cike da kwale-kwale da fadama da sunayen mutanen da suka mutu tun kafin a haife ni. Su yi ta dariya, ni ina gefe kamar baƙuwa. Inna kuma ta kafa mini doka, sai dai in ce Yaya Garba.

Ammi Salihu maƙwabcinmu ne, yana kai kaya Ɗa'if ya dawo da inabi da rumman. Shi ya ce mu bi shi mu sha iska kwana uku. Muka bi tsohuwar hanya ta Sail, motar tana nishi a kan duwatsu, a tsaya a zuba mata ruwa, a tsaya a yi salla, a tsaya a ci gurasa da dabino, ba mai gaggawa. Da la'asar sakaliya ya sauke mu a bakin wani kwari kafin a shiga gari, ya ce sai Asabar. Baba ya ɗaura tsohon tanti tsakanin magarya biyu, Inna ta kafa murhu da duwatsu uku. A nan na fara jin iska mai sanyi wadda ba mafici ne ya kawo ta ba.

Washegari bayan karin kumallo muka hau kwarin a ƙafa. Akwai ɓaure da ya tsiro cikin tsagin dutse, akwai birai da suka zauna a sama suna kallonmu kamar masu gari. Baba da Garba suna gaba, Inna tana baya da garwa a ka, ni ina bin su da ƙaya a takalmi, ina jin suna lissafa kifayen gida: tarwaɗa, karfasa, ƙurungu, giwan ruwa. Ni kifin da na sani shi ne na Jidda, busasshe mai gishiri. Can sai muka ji ƙarar ruwa. Wani tafki ne a gindin dutse, bai fi faɗin tsakar gidanmu ba, garau har ana ganin tsakuwar ƙasa, ga wasu 'yan kifaye masu tsawon tafin hannu suna yawo. Baba ya tsaya cak. Ya ce da irin bakinsu na Kabi, "Garba, kihi! Wallahi kihi na!"

Garba ya zabura. Ya karɓi allura wajen Inna, ya gasa ta a wuta ya lanƙwasa, ya ɗaura zare, ya kamo fara ya soke. Kafin in gama cire ƙayata ya ciro na farko. Daga baya suka shiga ruwan shi da Baba, kowa ya kama gefen tsohon mayafin Inna suna kora kifin zuwa lungu. Baban da ban taɓa ganin gwiwarsa ba, ga shi ya naɗe wando yana ihu kamar yaro. Na roƙa a ba ni zaren. Aka ba ni, na jefa, ya maƙale a dutse ya tsinke. Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Bar shi, Habi, wannan aikin 'yan ruwa ne. Ki tsare muna garwa." Na zauna ina gadin kifin wani.

Da azahar garwa ta kusa rabi. Baba ya ce wa Inna ta fito da daddawa da barkono, yau za a yi miya irin ta gida. Suka hau wani falalen dutse yin salla, Garba a damansa. Na dube su, kafaɗa da kafaɗa, har tsayuwarsu iri ɗaya. Ban yi wani dogon tunani ba. Na sa ƙafa na tura garwar, ta kife cikin tafkin, kifayen suka watse kamar an watsa tsaba.

Da suka sallame Baba ya sauko, ya dubi garwar tana lilo a ruwa. Garba ya yi sauri ya ce shi ne bai girke ta daidai ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, wato har laifina ma zai ƙwace. Na ce da ƙarfi, "Ni ce! Da gangan na yi!" Na runtse ido ina jiran mari. Marin bai zo ba. Da na buɗe, Baba yana zaune a kan dutse, ƙafafunsa cikin ruwa. Ya ce a hankali, "Ɗiyata, shekara ashirin da biyu rabona da kihin ruwan daɗi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Garba ya koma ruwa har la'asar, amma kifin ya yi wayo, huɗu kacal ya samu. Inna ta dafa su duk da haka. Baba ya ɗauki babban ya sa a gabana. Na ci, ƙaya ce zalla da ɗanɗanon laka. Ya tambaye ni yaya na ji, na ce babu daɗi. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ke kam 'yar Makka ce." Ya faɗa ne da ƙauna, amma ni na ji kamar an rufe mini ƙofa. Sauran kwanakin muka yi su lafiya, muka tsinki ɓaure, muka hau har inda ake hango lambunan Ɗa'if, sai dai ban yi wa Garba magana ba har muka dawo gida.

Bayan Hajji biyu Garba ya bi wani ayari ya koma Kabi. Baba ya raka shi har Jidda, ya dawo ya yi wata guda ba ya dariya. Shi Baba bai taɓa komawa ba, a nan Makka aka rufe shi. Sai da na girma na gane ba Garba yake fifitawa a kaina ba, ƙasarsa yake gani a jikin yaron, ni kuwa ba ni da ita da zan ba shi.

Yanzu jikokina suna hawa Ɗa'if cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, gilashi a rufe, kowa da wayarsa, Larabci kawai suke yi a tsakaninsu. Idan na yi musu Hausa sai su yi murmushi su ce kaka ta fara. Na sa an neme mini kwarin nan sau biyu, ba a gane shi ba. Har yau idan na tuna Garba ina jin ɗan zafin nan a ƙirji, domin shi ya ga kogin da Baba ya yi wanka yana yaro, ni kuwa labarinsa kawai na gada.