Jiƙon Kanwa da 'Yar Kuku

Gab da samun mulkin kai ina aikin direba a gidan wani Bature a unguwar Nasarawa. Mu ma'aikata ɗakunanmu suna can baya, bayan itatuwan mangwaro. Kukun gidan dattijo ne daga wajen Haɗeja, kowa Baba yake ce masa, kuma yana da 'ya budurwa. Ranar da na fara ganinta ta ratso ƙarƙashin mangwaron nan da tulu a ka, na rantse tsuntsayen unguwar shiru suka yi har ta wuce. Tun daga ranar ƙirjina ya kama da wuta. Muka riƙa gaisawa a bakin famfo, idonta yana faɗa mini abin da bakinta ya ƙi faɗa.

Sai labari ya zo cewa Bature zai koma ƙasarsu. Baba ya ce da zarar an ɗaure kaya, shi ma zai kwashi iyalinsa ya koma gida noma. In ban motsa ba kafin nan, ta tafi ke nan. Ga shi manyana suna ƙauyenmu a ƙasar Katsina, kuma saurayi ba ya buɗe baki ya nemi 'ya wajen ubanta. Na ce bari in bi ta zagaye.

Na same shi a kicin yana ferayar dankali, na durƙusa.

"Baba, wata wuta ce ke cina a ƙirji. Ta hana ni ci, ta hana ni sukuni."

"Tana tasowa har maƙogwaro?"

"Har ido, Baba."

"Ƙwannafi ne. Ka ci goro ciki babu komai, ka bi da yaji, ɗan nan so kake ka huda cikinka?"

Ya jiƙa jar kanwa a moɗa, ya tsaya a kaina sai da na shanye. Na saki wata ƙatuwar gyatsa a gaban mutumin da nake fatan ya zama surukina.

"Ka ji ta fita," in ji shi.

Bayan 'yan kwanaki na sake komawa da kalamai masu daɗi da na tsara a mota. Kafin in kai rabi ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wata shuɗiyar kwalba da matar Bature ta ba shi. Farin magani ne mai kauri kamar kindirmo, a baki kuwa sai ka ce alli aka dama. Ya ce cokali ɗaya bayan abinci, ya hana ni goro da yaji.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganin ya yi aiki. Zafin ya ɗauke ɗif. Na zauna a mota jikina a sanyaye, ina tambayar kaina ko duk begen nan da nake taƙama da shi ƙwannafi ne kawai. Ina cikin haka sai ga ta ta zo wucewa.

"Malam direba, an ce kai ka gaje kwalbar Baba. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Cikina lafiya lau, amma zuciyata ta buga kamar ana sussukar gero. Nan na san wutar biyu ce, kuma ɗaya kawai kwalbar ta kashe.

Na nufi kicin ban tsara komai ba.

"Baba, na gode, ta cikin ta mutu. Ɗayar ce ta ƙi."

Ya ci gaba da juya miyarsa, har na ɗauka bai ji ba.

"Ni kuku ne, ba makaho ba," in ji shi. "Amma wa zai ba mai gyambon ciki 'yarsa, ta ƙare ƙuruciyarta tana dama masa kunu? Yanzu ka zama mutum. Kana da baffa?"

"Ina da shi, Baba."

"To me kake yi mini a kicin?"

Washegari na nemi izini wajen Bature na hau motar Katsina. Baffana ya zo da babbar rigarsa ta aro, manya suka zauna, aka ba ni ita, aka ɗaura aure. Da lokacin tafiya ya yi, Baba ya hau motar Haɗeja da matarsa da tukwanensu. Ita kuwa tana tsaye kusa da ni a tasha, tana ɗaga musu hannu tana hawaye, ni kuma ina ta fama da bakina kada surukai su ga haƙorana a waje.