Azurfar da Muka Shanye

Shekarun baya, tun ina da haƙoran shan rake, mahara suka faɗo wa gonakinmu na wajen Tsiga ana tsakar yankan dawa. Cikin waɗanda suka kora har da autana, saurayi, gemu ya fara fito masa ke nan. Bayan an kwana biyu wani falke ya kawo labari cewa yana raye, kuma za a karɓi fansa in mun hanzarta kafin ayarin arewa ya tashi.

Muka sayar da awaki, da zannuwana, da dawar da ko sussuka ba a yi ba. Abin bai kai ba. Sai na tono azurfar mahaifiyata, kuɗin azurfa ƙwaya ɗaya tak, daga ƙasan tukunya. Mahaifinta ne ya samo ta wurin Larabawan Katsina. A gidanmu ba kuɗi muka ɗauke ta ba, magani ce. Yaro in zazzaɓi ya kama shi, ko yana haƙori, sai a goga ta a dutsen niƙa da ɗan ruwa a ɗura masa. Haka aka yi mana, haka na yi wa nawa.

Na ƙulle ta a bakin zane, na taka har kasuwar Malumfashi wurin wani maƙerin farfaru. Ni da ba a taɓa cuta ta ko a awon gero ba, na tsaya a kansa ina bin yatsunsa da ido kamar na kama ɓarawo. Ya buga ta a uwar maƙera, ya saurari kukanta. Ya murza ta da toka, ya karkata ta wajen rana. Ya ce azurfa ce ta gaske, amma ba liyari mai kan mace ba ce da aka saba gani. Ya nuna mini wasu abubuwa biyu a tsaye a bayanta, da ƙyar ido ke kama su, ya ce saboda su Larabawa ke ce mata mai igwa, kuma ta wasu Nasara ce na bayan teku. Ɗaya gefen, in ji shi, kan sarkinsu ne mai dogon hanci. Na duba, ban ga kowa ba. Sumul, kamar bayan ƙoƙo.

Na ce masa ba hancin Banasare na zo sayarwa ba, ya faɗi abin da zai faɗa.

Ya ɗora ta a ma'auni, ya sa wata cikakkiya a ɗaya gefen. Tawa ta yi sama.

"Inna, me ya cinye ta haka?"

"'Ya'yana," na ce. "Wanda nake nema ya fi kowa sha. Da ciwo ya tashi."

Ya ce da a ce kan sarkin na nan, da kowane falke ya karɓe ta ba gardama, amma yanzu sai dai a narka a yi zobe. Abin da ya ba ni bai cike gurbin ba. Kafin dangi su sayar da auduga su haɗa sauran, ayari ya tashi. Wanda muka aika da fansar ya dawo mana da kayanmu a kan jaki.

Har yau in na zauna ina juya abin. Da ban goge ta ba, da ta fanso shi. Da ban goge ta ba kuma, watakila da bai kai girman da za a kama shi ba. Ni da faɗa bai taɓa yi mini wuya ba, a nan na rasa wanda zan yi wa.

Bara yayyensa suka zo da liman, suna son a raba gonarsa tunda shekaru sun ja. Na ba su ruwa suka sha, na bari suka gama.

Na ce, "Malam, gado na matacce ne. Wanda ya ga gawarsa a cikinku ya faɗa mini."

Bana ma an noma ta da sunansa.