Tunkuza a Aksul

Ana saura shekara guda babban fari, kawuna na Ajingi ya sayar mini da tsohuwar akori-kurarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi."

Sati biyu tana tafiya lafiya. A na uku, na ɗauko buhunan gyaɗa zuwa Gaya, sai ta fara kuka daga baya. In na taka totur ta yi gunji, in na ɗaga ƙafa ta yi shiru. Na canja taya, na ɗaure furofela, sandar ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, duk a banza.

Wani tsohon bakanike a Gaya ya hau bodi muka zaga gari yana kasa kunne. Da muka tsaya ya shiga ƙarƙashi, ya kwance notin aksul, tulun ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya. Maimakon mai, sai wani baƙin kunu ya ɗiɗɗigo. Ya dangwala, ya sansana, ya miƙo mini yatsa.

Tunkuzar gyaɗa ce. An cusa ta ne don ta danne kukan haƙoran ƙarfen cikin aksul ɗin da suka cinye. Kullum kuwa ana tuyar ƙuli-ƙuli a gidan kawu.

Na kai masa a gwangwani, zaurensa cike da mutane. Ya leƙa, ko kunya babu, ya ce, "Mota ai sa'a ce, yaro."

Na ce, "Haka ne, Kawu. Ga sauran kayanka." Na juye masa a kan buzu.

Shekaru mahaifiyata tana roƙona in je in ba yayanta haƙuri. Na dai je jana'izarsa, kuma a ƙafa na je, don motar ta daɗe da mutuwa.