Ranar da Na Yi Kunyar 'Yar Fari

Sau ɗaya na taɓa gwada yin kunya yadda manya ke so, kuma saura ƙiris ta raba ni da ɗiyata.

Lokacin mulkin farar hula ne, ina buga tafireta a wani ofishin gwamnati a Boɗinga. Na gama sakandare, na ƙara da kwas ɗin buga takardu, saboda haka a unguwarmu a kaina ilimi ya ƙare. Mijina malamin gona ne, mutumin Shagari. Kullum da sassafe yake hawa babur ya tafi koya wa manoman albasa noman albasa. Ɗaki biyu muke haya. Da na haihu aka ba ni hutun wata uku, rabinsa ya tafi ana dafa ni da tafasasshen ruwa da sunan wankan jego. Ranar da hutun ya ƙare ba wanda ya tambaye ni inda zan ajiye yarinyar. Gwamnati ta yarda mace na haihuwa, sai dai a ganinta ɗan wata uku ya isa ya riƙe kansa.

Da farko maƙwabciyata ke riƙe ta, in bar mata madarar gwangwani da bulumboti. Sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Madara ta ɓace daga kasuwa, sabulu ya raka ta. Mutane suna ta cewa ai shugaban ƙasa na gida ne, ɗan garin Shagari, mu ba za mu sha wuya ba. Sau uku ina bin layin madara cikin rana, a na ukun ina isa gaba aka rufe taga. Ban ji an tambayi kowa garinsu ba.

Sai na fara goya ta zuwa ofis. Na samo babban kwalin da ake kawo takardu, na shimfiɗa zane a ciki, na tura shi ƙarƙashin teburina. Ƙarar tafireta ke sa ta barci, da na tsaya sai ta farka, don haka gwamnati ba ta taɓa samun ma'aikaciya mai himma kamata ba. Nono kuwa a sito nake ba ta, a tsaye, tsakanin tsofaffin fayiloli da kashin ɓera. Shugaban ofishinmu yana da 'ya'ya sun fi goma, amma bai taɓa sanin jariri na kuka ba sai a ofis.

"Malama, nan wurin aiki ne ko gidan suna?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ka samo mana madara, gobe ya koma wurin aiki."

Bai samo ba, muka ci gaba a haka har ta kai wata bakwai.

Wata ranar kasuwa Inna, uwar mijina, ta zo daga Shagari ba sanarwa. Ta tarar da gida a rufe, maƙwabciya ta nuna mata hanyar ofis. Ta shigo da ƙwaryar man shanu a ka, ta same ni durƙushe ƙarƙashin tebur ina yi wa yarinyar wasa, ina rera sunanta. 'Yar fari, wadda ko kallonta bai kamata in yi a gaban mutane ba, balle in kira ta. Ita kuma ja'irar ta samu takardar kabon ta tsotsa, bakinta ya yi shuɗi kamar ta fito daga marina.

"Wanga mi na?" in ji Inna. "Jikata ta cikin kwali kamar 'yan tsaki?"

Ta dire man shanun a kan fayil ɗin shugaba, ta fita. Ran Asabar aka ce ana nemanmu a Shagari.

A ɗakin Inna aka zauna. Ga ta, ga gwaggon mijina, ga ni da goyo, mijin nawa kuma ya rakuɓe a bakin ƙofa.

"Mun yi shawara," in ji Inna. "Yarinya ta zamna nan. Muna da shanu, nononsu ba layi aka yi mai ba. Ke ki tahi ki yi ta bugun ƙarhenki." Ta dube ni. "Ko kina da ta cewa?"

Ina da ta cewa cike da baki. Na kalli mijina, na ga ya ƙura wa azara ido kamar an turo shi binciken gara. Sai na tuna kashedin da uwata ta yi mini ranar da za a kai ni, cewa in aurena ya mutu to bakina ne ya kashe shi. Na ce bari yau in nuna musu 'yar boko ma ta san tarbiyya. Na sunkuyar da kai, na sassauta murya, na ce, "Ni ina ruwana da ita, Inna? Ai taku ce."

A zatona abin kamar tayin tuwo ne. Baƙo ya ce ya ƙoshi, a matsa masa, sannan ya wanke hannu. Ina jiran a sake tambaya.

"Madalla!" in ji Gwaggo. "Ashe boko bai cinye ta duka ba."

Ta miƙo hannu ta kwance mini goyo.

A kan babur muna komawa, zanen goyon yana ninke a cinyata, na dungure shi a baya.

"Kai ba ka da baki ne?"

"Ke da kanki kika ce ba ruwanki."

"Kai kuma ka ce me?"

"Haba! Ni fa ubanta ne. Ta yaya zan yi magana?"

To ka ji. Mutum biyu ne kawai a ɗakin nan yarinyar take tasu, kuma su ne aka hana faɗa.

Lahadi na wuni ina share ɗakin da na riga na share. Litinin na je ofis ƙirjina ya yi tauri kamar an cusa duwatsu, ko hannu ba na iya ɗagawa. Ina buga wasiƙa, nono ya keto riga ya ɗiga a kan takardar. Shugaba ya leƙo ya ce, "Yawwa, yau kam ofis ya yi tsit." Na zare takardar, na ɗauki mayafina, na wuce shi ban nemi izini ba. A bakin titi na samu a-kori-kura mai zuwa wajen Shagari, na haye kan buhunan albasa.

Tun daga zaure nake jin kukanta, murya ta dushe. Surukina yana zaune da baƙi, na gaishe su a tsaye ina tafiya, wani laifin ke nan da aka daɗe ana ba da labarinsa. A tsakar gida Inna na ta zagaye da ita a kafaɗa, idanunta ja wur, ga ludayin nonon shanu yashe a ƙasa. Na kira sunan yarinyar da ƙarfi, yadda har na zaure sai da suka ji. Na karɓe ta, na zauna a kan turmi, na ba ta nono a gaban kowa. Gwaggo ta saki salati. Matan gidan suka firfito kallo kamar an kawo kura.

"Ba ke kinka ce ba ruwanki ba?" in ji Inna.

"Ƙarya na yi, Inna. Ku kuka ce haka ake faɗa. Ɗiyata ce, kuma da ita zan koma."

"Cikin kwali?"

"Cikin kwali."

Ta daɗe tana kallon yadda yarinyar ke zuƙar nono tana ajiyar zuciya. Sai ta juya ta shige ɗaki. Na ce shi ke nan, yau bakina ya cika aikinsa, takardar saki ce za ta biyo baya. Can sai ga ta da ƙullin kaya, da tabarma, da buta.

"Tashi mu tahi," ta ce. "Jikata ba ta komawa kwali."

Haka na ci nasara, in dai wannan sunanta nasara. Na samu ɗiyata, aka haɗa mini da uwar miji kyauta, a ɗaki biyu, har ranar yaye. Kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarmarta a gindin dogon yaron da ke bayan tagata ta ofis, ta ɗora jikarta a cinya. In yarinyar ta motsa sai ta buga tagar da mafici ta ce, "Ke marar kunya, hito!" Ko wasiƙar wa nake bugawa, dole ta jira. Shugaba da kansa sai ya rusuna ya gaishe ta kafin ya shiga ofishinsa. Da an tashi mu kama hanyar gida, ita a gaba da goyo, ni a baya da tabarma da buta, tana lissafa mini abin da bai yi ba a miyar da ban ma ɗora ba tukuna.