Ranar da Teku Ya Ci Tantin Almu

Duk wanda ya ce miki Hansai ta Tottenham mace ce mai sanyin hali, to bai taɓa ganinta a bayan sitiyari ba. Ni Saudatu shekara tara muna hawa bene ɗaya a gidan council, irin gidajen hayar nan na hukuma, flat ɗinta na kallon nawa, na san abin da nake faɗa.

'Yar direban babbar mota ce, ta tashi tana bin ubanta hanyar Nguru. Karatu ya kawo mijinta Almu London, ita kuma tana wankin zannuwa a wani asibiti. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi cikin hunturu. Ya bar mata 'yan mata biyu, Zinatu da Yelwa, da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, da tanti sabo fil a cikin jakarsa. Ya yi wa yaran alkawarin da zafi ya zo za su kwana a bakin teku.

Tana fita takaba sai ga Lawal, yayan marigayin, ya sauka daga Legas. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, kowa ka gani ɗan kwangila ne. Babbar riga tana ƙara, agogon zinare, turare tun daga ƙasan bene. Ya ce dangi sun yanke shawara: ƙarshen watan Agusta zai tafi da yaran gida, don mace ita kaɗai ba ta iya riƙe 'ya'ya a ƙasar Turawa.

Hansai ta ce, "Yaya Lawal, ubansu ya yi musu alkawari. Bari in cika tukuna."

Ya yi dariya. "Ke za ki tuƙa? To da ni za a je, in gani da idona."

Wallahi ji na yi kamar in watsa masa ruwan shayin da ke hannuna. Na ce ni ma da ni.

Shekarar 1976 ce, wadda aka yi zafin nan har ciyawar Ingila ta bushe ta yi ja. Muka loda tukwane, tabarmi huɗu, dambun nama da yaji. Hansai ta ɗaura ɗankwali tamau ta ja mota. Lawal na gefenta, bakinsa bai huta ba: ki rage gudu, ki ƙara gudu, wannan ba hanya ba ce. Ko kallonsa ba ta yi.

Da azahar muka isa filin da ake kafa tantuna. Mai wurin ya leƙo, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce wuri ya cika. Ga fili nan fetal a bayansa, ko makaho ya shafa ya san ƙarya yake yi! Hansai ta ce, "Na yi booking tun watan jiya." Ya ɗaga kafaɗa ya ja ƙofarsa.

Lawal ya ce, "Kin gani? Juya mu koma."

Ta ce, "Ba inda zan juya."

Ta gangara wata 'yar hanya, sai ga mu a kan yashi, shimfiɗe sumul, ruwan kuma can nesa da ƙyar ake hango shi. Nan fa Lawal ya tuna shi ne namiji. Ya nuna tsakiyar yashin ya ce nan za a kafa, kamar yadda fatake ke sauka a cikin rafi da rani. Kada in ɗora masa shi kaɗai, dukanmu mun yaba wurin. Mu mutanen tudu ne. Wa ya taɓa gaya mana ruwan teku tafiya yake yi ya dawo?

Muka kafa tantin Almu, shuɗi, da ƙanshin sabunta. Yaran suka shige suna tsalle. Muka yi la'asar, na ɗora shinkafa. Na ga dai Turawa suna naɗe kayansu suna hawa tudu, na ce a raina, ku tafi mana, wuri ya ƙara mana faɗi.

Yelwa ce ta ƙwala ihu da Turanci wai ruwa na zuwa. Kafin in miƙe ya shafe murhuna. Innalillahi! Muka afka mota, Hansai ta tayar, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna nutsewa. Lawal ya tattare riga yana "A kira 'yan sanda! A kira 'yan sanda!" A ina, a cikin teku?

Hansai ta dire. Ta ce in haye tudu da yaran, kada in waiwayo. Na waiwaya mana. Na ga ta durƙusa cikin ruwa tana sace iskar tayoyin da tsinken ɗankunnenta, ta tone yashin da murfin tukunya, ta cusa tabarmi a ƙarƙashin kowace taya, yadda ubanta ke yi in yashin Nguru ya riƙe shi. Sannan ta daka wa Lawal tsawa: "Yaya, tuɓe rigar nan ka tura!"

Ya tuɓe kuwa. Ɗan kwangila guda, daga shi sai singileti, yana tura mota ruwa har gwiwa. Motar ta yi gurnani, ta hau tabarmin, ta fito.

Tantin ne ba a samu ɗaukowa ba. Muna tsaye a tudu muka ga ya tashi, ya kife, ruwa ya tafi da shi.

Lawal na haki ya ce, "Kin ga abin da nake faɗa? Saura kaɗan ki hallaka 'ya'yan ƙanena."

Ta ce, "Kai ka zaɓi wurin, ni na fitar da mu. In ka je gida ka faɗi duka biyun. In ka faɗi ɗaya, ni zan rubuta ɗayan. 'Ya'yana kuwa ba inda za su."

Daga nan muka wuce gidan ƙawarta Kaneng, 'yar Jos da ke aikin jinya a wani gari kusa da wurin. Kaneng ta ba shi zane ya ɗaura, ta yi mana dariya har da hawaye. Watan Satumba ya hau jirgi shi kaɗai, kuma ban ji dangi sun sake tayar da maganar ba. Hansai ta bar wanki, ta shekara ashirin tana tuƙa motar council mai kai wa tsofaffi abinci.

Ranar a gidan Kaneng, ina shanya kaya a bayan gida, na same ta zaune a cikin mota, jakar tantin a cinyarta, tana kuka kamar ranta zai fita. Ko ranar jana'iza ban ga ta yi irinsa ba.

Ta ce, "Saudatu, wata uku Almu yana zuwa kanti yana kallon tantin nan kafin ya saya. Bai kwana a ciki ba, 'ya'yansa ma ban bari sun kwana ba."

Na ce, "Amma ai suna nan wurinki."

Ta share ido da bakin ɗankwali, ta ce in kira su su zo su ci abinci.